Amsa ga Hajiya mai sabulu a Aboabo: shin ana iya haɗa sabulun wanki mai zuba da bilic, ba tare da ruwa a ciki ba?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Bari in maimaita tambayar a taƙaice don masu karatu su san inda muka dosa. Kin ce kin daɗe kina haɗa sabulun wanki na ruwa a Aboabo, kina kaiwa Kejetia da Asawase, kuma masu wankau da iyayen 'yan makarantar kwana sun dame ki da neman wanda zai fitar da farin kaya tas. Da farko kin zuba ruwan bilic na Parazone a cikin haɗin, ba a yi sati ba launi ya koɗe, ƙamshi ya gudu, sabulun ya tsinke. Sai kika koma ga farin garin nan da masu sayar da sinadarai suke kira bilic na oksijin. A kwana na uku robobi suka kumbura, ɗaya har ta harba murfi. Yanzu ɗanki ya ce ya ji manyan kamfanoni suna cire ruwan ne gaba ɗaya, shi ne kike tambaya yaya ake yi, kuma ke ma za ki iya.

Ɗanki ya faɗi gaskiya. Ana yi, kuma na yi shekaru ina fama da wannan aiki a ɗakin gwajin wata masana'antar sabulu. Zan bayyana miki yadda yake dalla-dalla, domin ko ba ki yi shi ba, fahimtarsa za ta gyara miki sauran haɗe-haɗenki. Amma tun yanzu ina so ki san ra'ayina: a irin wurin aikin da kike da shi da irin yanayin Kumasi, ban ba ki shawarar ki zuba jarinki a nan ba. Akwai hanyar da ta fi sauƙi, za mu zo kanta.

Mu fara sallamar Parazone. Abin da ke cikinsa shi ne sodiyam haifokulorait, wato bilic na kulorin, kuma shi ba ya zama lafiya sai a cikin ruwa mai kaifin kanwa sosai, ma'aunin pH daga 12 zuwa sama. Sabulunki kuwa yana zaune ne tsakanin 7 da 9. Da kin haɗa su, kulorin ba ya bambanta dattin riga da turaren da kika saya da tsada. Yana cinye turaren, ya cinye launin, ya yayyanka sinadarin kaurin da kika jiƙa, shi ya sa kika ga sabulun ya koma tsululu. Yana gama wannan ɓarna shi ma ƙarfinsa ya ƙare, mai saye ya tashi ba bilic ba sabulun kirki. Abin da ya fi damuna ba asarar ba ce. Idan akwai ragowar salfonik asid da kostik soda bai gama kashewa ba a cikin haɗin, to iskar kulorin ce za ta tashi, kuma tana ƙona huhu. Kina aiki a tsakar gida, ga yara suna kai-komo. Don Allah Hajiya, kada Parazone ya sake shiga bokitin haɗinki, kuma ki riƙa gargaɗin masu sayen kayanki kada su gauraya shi da ruwan wanke bayi mai asid.

Farin garin da kika saya daga baya kusan tabbas sodiyam fakabonet ne. Soda ash ce aka ɗaure da haidurojin feroksaid suka zama ƙwaya busasshiya. Muddin ƙwayar tana bushe, feroksaid ɗin yana kwance abinsa. Da ruwa ya taɓa ta sai ta narke, soda ta ɗaga pH zuwa wajen 10.5, feroksaid ya farka ya shiga cin tabo. Haka aka tsara shi, kuma tsohuwar dabara ce. Tun 1907 kamfanin Henkel na Jamus ya fitar da garin Persil, sunan ma daga kayan haɗinsa biyu aka ciro shi, faboret da silikat. Faboret ɗan'uwan fakabonet ne, aikinsu ɗaya. Fiye da shekara ɗari ke nan ana sa irin wannan bilic a sabulun gari ba tare da matsala ba, saboda gari busasshe ne. Ke kuma kin zuba shi a sabulun da mafi yawansa ruwa ne, sai ya fara aikin wankinsa tun a cikin roba.

Bari in nuna miki lissafin, don ki ga cewa harba murfin nan ba abin mamaki ba ne. Fakabonet mai kyau yana ɗauke da oksijin mai aiki kusan kashi 13 cikin 100 na nauyinsa. A ce kin sa giram 150 a kilo ɗaya na sabulu. Oksijin ɗin da ke ciki ya kai wajen giram 19 da rabi, kuma idan duk ya fita a matsayin iska a zafin garinmu, zai cika kusan lita 15. Ko da kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya lalace, kin samu lita ɗaya da rabi na iska a cikin robar da gurbin wuyanta bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Sannan akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Feroksaid idan ya ruguje, abu biyu yake haifarwa, oksijin da ruwa. Wannan sabon ruwan sai ya narkar da wasu ƙwayoyin, su ma su ruguje, su ƙara haifar da ruwa, ga kuma zafi da ke fita yana ƙara wa abin sauri. Shi ya sa haɗi kan yi shiru kamar lafiya lau na ɗan lokaci, sannan ya lalace gaba ɗaya cikin kwana kaɗan.

Na ga wannan da idona. Mun taɓa haɗa wani samfuri da muke alfahari da shi, ba mu sa ɗigon ruwa ko ɗaya ba, muka jera robobi goma sha biyu a kan kanta. Sati uku suna nan ƙalau. Ranar wata Litinin na shigo da safe na tarar biyu sun faɗi a kwance. Ba wanda ya taɓa su. Gindinsu ne ya turo waje ya zama kamar ƙwarya, suka kasa tsayuwa. Na ɗauki ɗaya, ta yi tauri kamar ƙwallon da aka cika wa iska, na nannaɗe ta da tsumma na sassauta murfin a hankali, ta yi ta huci. Da muka bi sawu, sai muka gano gangar sinadarin da muka ɗebo ta kwana biyu a buɗe cikin damina. Abin da ta sha daga iska kawai ya isa.

To mene ne sabulu mai zuba wanda babu ruwa? Ki tuna man gyaɗa. Yana zuba, yana kwarara, amma ba ruwa ba ne, kuma idan kika jefa gishiri a ciki ba zai narke ba, zai zauna ƙwayarsa. Dabarar ke nan gaba ɗaya. Ana neman sinadarin wanki wanda shi kansa mai zuba ne, a sa shi ya zama gidan da sauran kaya za su zauna. Wanda aka fi amfani da shi shi ne dangin alkohol itoksilet, irin mai lamba 7, wanda yake kamar mai marar launi kuma yana cire maiƙo sosai. Ana sirka shi da wani mai tsinka shi, kamar foliyetilin gilaikol mai sauƙin nauyi ko sauran dangin gilaikol. Sai a zuba bilic da soda ash da sauran busassun kaya su yi iyo a ciki ba tare da sun narke ba. Duk wanda ya narke ya fara aiki, wanda ya fara aiki kuma ya fara mutuwa. Saboda haka kowane abu da za a saka, tambayar farko ita ce: yana kawo ruwa, ko yana narkar da bilic? Gilisarin misali, ana sonsa a sabulun hannu, amma a nan ba shi da wuri, don yana jawo danshi daga iska.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne ruwan ɓoye, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, don kusan duk kayan da kika saba da su suna ɗauke da shi. Farin bes ɗin nan mai kauri da kike saya, wato SLES mai lamba 70, ma'anar lambar ita ce kashi 70 ne sinadari, ragowar kusan kashi 30 ruwa ne. Ya fita daga lissafi. Salfonik asid kusan ba shi da ruwa, amma da kin kashe shi da kostik soda, haɗuwar tasu da kanta tana haifar da ruwa, ban da wanda kika jiƙa kostik ɗin da shi. Masu yin sabulun da ba ya son ruwa da yawa sukan kashe salfonik da monoetanolamin, wanda ba ya haifar da ruwa, to amma shi kuma dangin amin ne, bilic yana cinsa. An gudu daga ruwa an faɗa wata matsalar. Shi ya sa idan ana son kumfa a irin wannan haɗi, busasshen garin salfonet ake nema. Launin da kike narkarwa a kofi, ruwa ne. Sinadarin kauri, sai da ruwa yake kumbura. Har busassun kayan ma ba duka ne busassu ba. Sodiyam sitiret na kasuwa yawanci yana riƙe da ruwa a cikin ƙwayarsa. Ziyolait da ake sa wa sabulun gari yana ɗauke da wajen kashi 20 na ruwa, kuma sananne ne wajen lalata fakabonet. Faboret ma iri biyu ne, mai ruwa huɗu da mai ruwa ɗaya, kuma mai ruwa ɗayan ne kawai ya dace da wannan aiki. Shi aka fi so a da, don ya fi fakabonet haƙuri a cikin irin wannan haɗi, sai dai Tarayyar Turai ta sanya shi cikin sinadaran da ke iya cutar da haihuwa, shi ya sa aka fi komawa ga fakabonet.

Ma'aunin da ake bi shi ne ruwan da ke yawo a cikin haɗin kada ya kai kashi 1 cikin 100, kuma in ya yi ƙasa da rabin haka ya fi. Ido ba ya ganin wannan, hannu ba ya ji. Da wani gwaji ake auna shi mai suna Karl Fischer, sunan Bajamushen da ya ƙirƙiro shi a 1935, kuma na'urarsa ba ta gida ba ce. A masana'anta ana busar da masu zuban ta hanyar ɗumama su a tukunyar da aka zuƙe wa iska, ana haɗawa a rufe, wani lokaci a ƙarƙashin busasshiyar iskar naitirojin. Yanzu ki dubi Kumasi a watan Yuni, lokacin da gishiri yake jiƙewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Bokitin da kike juyawa a buɗe na minti talatin yana shan danshi duk tsawon lokacin. Muciyar katako ma da kika wanke jiya tana riƙe da nata.

Abokin gaba na biyu ƙarfe ne. Ɗan ɓurɓushin tsatsa, ko jan ƙarfe, ko manganis, wanda bai kai a gani ba, yana sa feroksaid ya ruguje da sauri, kuma shi ƙarfen ba ya ƙarewa, yana nan yana ta aiki. A garinmu kuwa ƙarfe yana ko'ina. Jar ƙasarmu ma tsatsar ƙarfe ce ta ba ta launi, ƙurar da ke shigowa ta taga tana ɗauke da shi. Gangar ƙarfe, famfon tagulla, tukunyar dalma da aka zuba daga tarkacen ƙarafa, duk haramun ne ga wannan haɗi. Roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa kawai ake amfani da su. Sannan ana saka wani sinadari da ke kama ƙarfen ya ɗaure shi, galibi dangin fosfonet irin su HEDP, wajen kashi 1 cikin 100 ko ƙasa. Magniziyam silikat ma yana taimakawa. Tun da muna maganar ƙarfe, ga wani abu da zai amfani masu wankau da ke sayen kayanki. Idan suna wanki da ruwan burtsatse mai ƙarfe suka zuba Parazone, farar jallabiya takan fito da rawaya-rawaya, su ƙara zuba wani suna zaton bai isa ba, abin ya ƙara muni. Kulorin ne yake mayar da ƙarfen ruwan tsatsa ya manna a zare.

A ce kin ci nasara a kan ruwa da ƙarfe. Saura matsalar da duk mai dama koko ta sani. Ki bar ƙullu a roba ya kwana, da safe za ki tarar ruwa a sama, gasara ta kwanta a ƙasa ta yi tauri sai da cokali. Haka bilic yake yi. Ƙwayar fakabonet ta ninka mai zuban da take ciki nauyi kusan sau biyu, dole ta nemi ƙasa. Mai saye zai zuba na sama ya wanke kaya ba bilic, in ya kai ƙarshen roba ya tarar da dunƙule. Magani na farko shi ne niƙa. Saurin nutsewar ƙwaya yana bin girmanta idan aka ninka shi da kansa, wato in kin rage girman sau goma, saurin ya ragu sau ɗari. Ƙwayar kasuwa tana kai wajen rabin milimita, ana niƙa ta a cikin mai zuban har ta koma wajen maikiron 10 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), wato an rage ta sau 50, nutsewarta ta ragu sau 2,500. To amma ga inda gizo ke saƙar. Fakabonet mai kyau ana lulluɓe kowace ƙwaya da siririyar riga ta gishiri, irin su sodiyam salfet, don kare ta daga danshi. Niƙa yana yaga wannan riga, ya kuma buɗe fuskoki da yawa da danshi zai taɓa. Kin gyara kwanciya, kin ɓata ɗorewa. Ga shi niƙa yana kawo zafi, dole injin ya kasance mai sanyaya kansa. Ba injin markaɗen unguwa ake kai wannan ba, kuma ina roƙonki kada a gwada, domin bilic mai oksijin da aka gauraya da abu mai kama da mai, in ya ɗau zafi da yawa a wuri ɗaya, yana iya kai wa ga gobara.

Magani na biyu shi ne a gina wa mai zuban wata raga marar ganuwa da za ta riƙe ƙwayoyin. Ana yi da silika mai laushi kamar hayaƙi, ko yumɓun bentonait da aka gyara don ya shiga mai, ko man zurma da aka daskarar. Abin da ake nema shi ne haɗin ya tsaya cak in yana ajiye, ya kwarara in an karkata roba. In ragar ta yi rauni kaya su kwanta, in ta yi ƙarfi sabulu ya ƙi fita. Tsakanin biyun siririn wuri ne, kuma yana sauyawa da zafin rana. A gwaninta, wannan ya fi cin lokaci a kan komai.

Akwai kuma batun yadda mutanenmu suke wanki. Fakabonet shi kaɗai ba ya nuna ƙarfinsa sosai sai ruwa ya kai zafin digiri 60. Mu kuwa a baho muke wanki, da ruwan famfo yadda ya zo. Saboda irin wannan ne aka ƙirƙiro masu tayar da bilic. Wanda aka fi sani shi ne TAED, wanda yake haɗuwa da feroksaid a ruwan wanki su haifar da ferasetik asid, mai aiki a wajen digiri 40. A Amurka wani ne suka fi amfani da shi mai suna NOBS. Amfanin rashin ruwa ya fito fili a nan, don TAED da fakabonet suna iya zama a roba ɗaya ba su taɓa juna ba, haka ma sinadaran inzayim masu cin tabon jini da na abinci, waɗanda bilic zai kashe nan take in da ruwa. Amma in danshi ya shiga, TAED ne zai fara tona asiri, za ki buɗe roba ki ji warin tsami kamar na binega. Wani abin kuma, alkohol itoksilet in ya haɗu da ruwan sanyi kai tsaye yakan dunƙule ya zama kamar kamu mai yauƙi, ya manne a tufa ya ƙi narkewa. Aikin gilaikol ɗin da na ambata ke nan, hana wannan dunƙulewa.

In kina son ganin siffar haɗin a dunƙule, kusan haka yake: sinadarin wanki mai zuba ya ɗauki kashi 30 zuwa 40, mai tsinka shi 10 zuwa 20, bilic 10 zuwa 20, TAED 3 zuwa 5, busasshiyar soda ash da sitiret marar ruwa su ɗauki 10 zuwa 20, sai ɗan abin ɗaure ƙarfe, abin raga, da turaren da aka tabbatar bilic ba ya ci. Ana fara busar da masu zuba, a gina raga, a zuba soda da sauran gari, bilic ya shiga a ƙarshe bayan haɗin ya huce. Wannan siffa ce kawai, ba takardar da za a ɗauka a haɗa gobe ba, kowane kaso sai an yi ta gwaji.

Kamfanoni irin su Colgate-Palmolive da Unilever da Procter & Gamble sun yi rajistar dabaru masu yawa a kan wannan a shekarun 1980 da 1990. Duk da kuɗinsu da ɗakunan gwajinsu, ki shiga manyan kantunan Adum ki duba, da wuya ki ga sabulun wanki mai zuba da ke ɗauke da fakabonet a ciki. Ko ƙananan ƙullin sabulun nan masu narkewa a injin wanki, irin Tide Pods da suka fito a 2012, ruwansu kaɗan ne ƙwarai don kada ledar ta narke, amma mai zuban da ke cikinsu ba ya ɗauke da wannan bilic. Inda aka sa shi, kamar a na injin wanke kwanuka, gari ne a ɗakinsa daban. Ruwan cire tabo na Vanish kuma wata hanya ya bi: feroksaid ne a ruwa mai ɗan tsami, inda yake zama lafiya, sai ya haɗu da sabulu a wurin wanki sannan ya tashi. Kin ga duk sun koma ga raba su.

Shawarata ke nan gare ki. Ki ci gaba da sabulunki na ruwa yadda kika iya shi, ki sayar da bilic ɗin a gefe a matsayin gari, cikin ƙananan ƙulli na wanki ɗaya ɗaya, a ɗaure a wuyan roba ko a sayar daban. Ki nemi fakabonet mai riga, ki tambayi mai sayarwa takardar bayanin kayan. In kin samu TAED, ki gauraya kamar kashi ɗaya nasa da kashi huɗu ko biyar na fakabonet, a bushe, da cokalin roba. Ki ƙulla da rana tsaka lokacin da iska ta fi bushewa, ki rufe buhu da zarar kin ɗiba, kada ya zauna a kan siminti. Leda mai kauri za ki sa, kada kwalba mai murfin da ba ya numfashi. Kuma kada ki tara kaya da yawa a shagon kwantena mai rufin kwano. A bisa ƙiyasin da masu wannan aiki suke bi, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana kusan ninka saurin lalacewa, kuma irin wannan shago da azahar yana kai zafin da mu muke kunna na'ura musamman don mu gwada juriyar kaya.

Ga abin da za ki gaya wa mai saye: cokali biyu na cin abinci a lita biyar na ruwa mai ɗumi, a narkar da shi tukuna, a zuba sabulu, a jiƙa kaya awa ɗaya zuwa 'yan awoyi, sannan a wanke a shanya a rana. Kada a daɗe da hannu a ciki, yana busar da fata. Ban da ulu da siliki. Atamfa da shadda mai rini a fara gwadawa a bakin zani ta ciki. Ruwan da aka haɗa ba a ajiye shi a rufaffiyar roba don gobe, zai kumbura kamar yadda naki ya yi. Farar rigar makaranta da ta sha jar ƙasa da miyar manja za ta fito, kuma zaren ba zai ruɓe da wuri kamar yadda kulorin yake sa shi ba. Wannan kaɗai abin talla ne a wurin iyaye.

In kuma zuciyarki ta nace sai kin gwada marar ruwan, ko ɗanki yana sha'awar binciken, to a yi shi kaɗan, giram 100 kawai, da safar hannu da tabarau, nesa da murhu. Ga gwajin da ba ya cin kuɗi. A zuba samfurin a ƙaramar busasshiyar kwalba, maimakon murfi a sa balan-balan a bakinta a ɗaure da roba. A yi guda uku: ɗaya a ɗaki, ɗaya a wuri mafi zafi a gidan, ta uku a ɗiga mata ruwa ɗigo biyar a ajiye kusa da ta ɗakin. Kowace safiya a duba a rubuta. Ta ukun za ta nuna muku abin da danshi yake yi, za ku ga balan-balan ta miƙe. In ta wurin zafi ta yi sati huɗu ba ta motsa ba, kuma kaya ba su kwanta sun yi tauri ba, to an samu abin da ya cancanci a kai ɗakin gwaji a auna oksijin ɗin da ya rage. Ana yin wannan da ayodin da sitaci, aiki ne da duk ɗalibin kimiyyar sinadarai a jami'ar KNUST ya sani. Irin wannan gwajin balan-balan ɗin za ki iya yi wa garin da za ki ƙulla ma, kafin ki sayi buhu guda.

Kada ki manta da hukuma. Sabulun wanki da bilic suna cikin sinadaran amfanin gida da Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana take yi wa rajista a ƙarƙashin Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, Hukumar Kula da Ingancin Kaya kuma ita ke da ma'aunin da ake bi. In kin ƙara garin bilic a kayanki, sabon kaya ne, yana buƙatar tasa takardar da gargaɗi a jiki, musamman cewa a nisanta shi da yara, don a ƙulli yana kama da sikari.

Robobin da suka kumbura da ke wurinki yanzu, kada ki sayar, kada kuma ki bar su a rufe. Ki fitar da su waje inuwa, ki rufa wa kowace tsumma, ki kawar da fuska, ki sassauta murfin a hankali har iskar ta gama fita. Ki bar su a sassauce kwana biyu. Sabulun da ke ciki bai zama guba ba, za ki iya wanke tsakar gida da shi. In kin sake rubutowa, ki haɗo mini da abin da aka rubuta a jikin buhun garin da kika saya, da adadin da kike sa na kowane abu a lita 20, sai mu duba ko sabulun naki zai yi aiki da kyau tare da ƙullin ko yana buƙatar ƙarin soda.